Muharramin Malama a Kwalejin Malamai

A shekarar da aka gama sabuwar gadar Kawo, motoci suka daina cushewa a wurin, a shekarar na je Gana. Ba fatauci ya kai ni ba, ba kuma neman magani ba. Rakiya na yi.

Sunana Idi, sana'ata wankin hula a Hayin Banki, cikin Kaduna. Yawancin masu kawo mini aiki ma'aikatan gwamnati ne, masu son hula ta tsaya cak ranar Litinin. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta fara leƙo mini na shiga ajin yaƙi da jahilci a wata firamare a Malali, bayan la'asar. Lokacin da tafiyar nan ta taso na iya haɗa baƙi da wasali, ina karanta allon shaguna daga cikin mota, muddin direba bai cika gudu ba.

'Yata ta fari malamar firamare ce. Ita ta samu gurbin ƙaro ilimi na 'yan watanni a kwalejin horar da malamai ta wata jami'a, a wani gari can bayan Kumasi, a sashen koyar da manya. Sai da ta ajiye aikinta kafin ta tafi, don ba a ba ta hutu ba. An yi mata alkawarin riƙe ajin manya idan ta dawo da takardar shaida. Idan kuwa ta dawo ba takarda, ta yi biyu babu. Tsohuwata, Inna, ta ce mace ba ta ƙetare ƙasa ba muharrami, ƙannen yarinyar maza kuma ba su isa ba. Ta dube ni ta ce, "Kai za ka kai ta, kuma kada in ga ƙafarka a gidan nan sai tare da ita."

Malama zan riƙa ce mata a labarin nan, don haka nake kiranta. 'Yar fari ce, kuma sunan Inna aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ranar sunanta ƙanena ne ya faɗa wa liman, ni kuwa na sulale na bar unguwar sai da taro ya watse. Tun daga ranar bakina bai taɓa furta sunan ba. Ko wata mai irin sunan aka ambata a gabana, sai in ce mai sunan Inna.

Wahala ta fara ne daga Seme, iyakarmu da ƙasar Benin. Kayana biyu ne. Akwai jaka mai kyau wadda uwar Malama ta cika da kilishi da yaji da daddawa da kuka, da kayan sawata na fita. Akwai kuma buhu da na zuba kayan sana'a, wato guntayen iccen nan masu siffar kan mutum da muke kifa hula a kansu ta bushe, da buroshi da sitaci. Malama ta ce in bar su a gida, na ce ba zan zauna watanni ina kallon mutane ba.

Muna sauka daga mota wani mutum mai fara'a ya tare mu da Hausa tsantsa. Ya ce shi ɗan Unguwar Kanawa ne, har ya tambaye ni ko da gaske an gama gadar. Ya tambayi lafiyar mai shayin tashar Kawo, mai ɗingishin nan. Na ji kamar na haɗu da ɗan'uwa.

Ya ce, "Baba Malam, in ka bi ta ƙofa da jakar nan, wallahi kwance ta za su yi su cinye kilishin a gabanka. Kawo in zagaya maka da ita, mu haɗu a gindin bishiyar can."

Malama ta matso ta ce a hankali, "Baba, kada ka ba shi."

Na ce, "Ke, mutumin da ya san mai shayi?"

Na miƙa masa jakar. Na so in haɗa masa da buhun, ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya ce wannan kam ba shi da matsala, in bi da shi ta ƙofa. Muka ƙetare, muka zauna a gindin bishiyar har inuwarta ta juya ta bar mu a rana. Wata mai sayar da lemo a wurin ta ji tausayinmu, ta ɓare mana biyu ba ta karɓi ko sisi ba. Ta ce bishiyar nan ta ga 'yan Najeriya da yawa, kuma ba ta taɓa ganin jaka ta iso ba. Malama ta miƙe, muka ɗauki buhun muka nufi mota.

Buhun da ɓarawo ya raina shi ya zama mana aiki a sauran hanya. Wani ɗan kwastan na Benin ya kwance shi, ya leƙa, ya ga kawunan icce sun yi sulɓi saboda shekaru ana shafa su, sai ya ja da baya. Ya yi magana da Faransanci, wani direba ya fassara mana, wai yana tambaya ko an ba su abinci yau. Na ce bari in nuna masa amfaninsu, na cire hulata na kifa wa ɗaya. Mutumin ya ƙara ja da baya, ya yi mana nuni da hannu mu wuce. A duk tafiyar, nan kaɗai aka ba mu hanya ba a nemi na goro ba.

A iyakar Togo kuwa cewa aka yi kayan tarihi ne, haramun ne a fita da su. Na rantse wani kafinta ne a Rigachikun ya sassaƙa mini su, yana nan da ransa, har waya yana da ita. Aka yi ta ja har azahar ta wuce. Daga ƙarshe babbansu ya zaɓi biyu mafi kyau, ya ce za a kai gidan tarihi. Da muka yi gaba na waiga, na hango ya cire hularsa ta aiki ya kifa a kan ɗaya yana gyara mata zama. Ashe shi ya gane amfaninsu.

Daga Aflao, bakin iyakar Gana, zuwa garin da jami'ar take, abin da na riƙe shi ne ƙafafuna sun kumbura, kuma wani mai tallar magani ya tsaya a kaina cikin motar yana nuna ni ga fasinjoji a matsayin misalin wanda bai sha ba.

A jami'ar aka ba Malama gado a ɗakin kwanan ɗalibai mata. Na bi ta da buhuna, mai tsaron ƙofar, wata mace mai ƙiba, ta tare ni da sanda. Malama ta yi mata bayanin muharrami da Turanci. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gane sarai, kuma abu ne mai kyau, amma in yi shi daga waje. Wani mai tasi ya ji mu, ya ce in shigo ya kai ni Zango, unguwar Hausawan garin.

A Zango na haɗu da Alhaji Moro, wato Umaru a bakinsu. Dattijo ne gajere mai dariya da dukan jikinsa. Kakansa ya zo fataucin goro daga Katsina bai koma ba. Shi kansa bai taɓa taka Najeriya ba, amma kullum yana cewa shi Bakatsine ne. Ya ba ni ɗakin da yake ajiye kwandunan goro, ya ce in zauna har ranar da na gaji. Na ce bari in rama alheri, na karɓi hularsa ta Juma'a zan wanke. Ya ce tun da ya saye ta ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ina jiƙa ta, ina sa buroshi, hular ta rabu gida uku a hannuna. Ashe dauɗar ce ke riƙe da ita.

Na kai masa guntayen a tafin hannu ina ba da haƙuri. Ya dube su ya dube ni, ya ce, "Ɗan Kaduna, haka kuke wa ma'aikatan gwamnati a can? Shi ya sa ƙasarku ba ta zauna lafiya ba." Ya yi dariya har da hawaye. Labarin ya zaga Zango kafin magariba, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara ba ni hula. Sana'ar da na ɗauko tun daga Hayin Banki a nan ta tsaya. Kawunan da suka rage matar Moro, Hajiya Memuna, ta riƙa danne murfin tukunya da su.

Kewar gida ta kama ni ta ciki. Abincinsu ƙulli ne mai tsami, da sakwara wadda ba a taunawa, haɗiya ake yi. Ruwan sama kuma ba ya neman izini. Duk ranar Talata sai in ji kunnena yana neman hayaniyar kasuwar Kawo, in zauna shiru a kan kwandon goro. Hajiya Memuna ta lura. Wata Talata ta bi kasuwa har ta samo kuka a wurin wata 'yar arewa, ta tuƙa mini tuwon masara. Da na buɗe kwanon miya sai na ga ƙaguwa guda a zaune a tsakiya, don a wurinsu miya ba ƙaguwa rowa ce. Na ture ta gefe na cinye tuwon tana kallona. Ban taɓa jin daɗin miyar kuka irin na ranar ba.

Kullum da safe nakan taka zuwa kwalejin in zauna a gindin wani mangwaro da ke fuskantar ajin su Malama. Aikin da Inna ta aiko ni ke nan, ko da yake ban ga abin da ke neman cinye Malama ba, in ban da karatu. Daga nan na fahimci yadda wurin yake. Ni da na ɗauka malami malami ne kawai, wanda ya sani ya faɗa wa wanda bai sani ba. Ashe koyarwar ma koyonta ake yi, kuma kashi-kashi ce. Akwai sashen masu koyar da ƙananan yara, manyan mutane da gemu suna rera waƙa suna tsalle. Akwai sashen masu koyar da makafi da kurame. Akwai na lissafi da kimiyya, da na wasannin motsa jiki, da na masu ba ɗalibai shawara, da na waɗanda za su zama hedimastoci, su ne ke zuwa aji da kwat. Sai sashen su Malama a ƙarshen baranda.

Abin da ban sani ba shi ne, duk waɗannan ɗalibai suna neman mutumin da za su gwada karatunsu a kansa, ga ni kuma a zaune ba aiki. Masu koyar da kurame suka fara zuwa, suka sa mini wani abu a kunne yana ƙara, suka ce in ɗaga hannu idan na ji. Suka gano kunnena na hagu ya fara ritaya. Na motsa jiki suka sa na hau benci na sauka har na ga taurari da rana, suka rubuta. Wata mai koyon ba da shawara ta zaunar da ni da tafinta, ta tambaye ni ko mahaifina ya taɓa rungume ni. Na ce sau ɗaya, ranar da na faɗa rijiya. Ta rubuta shafi guda. Ban taɓa ƙin kowa ba, don yara ne masu ladabi, kuma kowa yakan bar mini burodi ko lemo.

Wata safiya ina zaune sai ga Alhaji Moro da wasu dattawan Zango sun jero, kowa da littafi da fensir. Na ce, "Alhaji, ina zuwa?"

Ya ce, "Aiki. Tashi mu je, ana neman jahilai."

Ashe sashen koyar da manya yana gayyato dattawan Zango domin ɗalibai su gwada koyarwa a kansu, da Hausa, a gaban malamansu masu ba da maki. Ana ba su abincin rana da sabulu. Moro ya daɗe yana wannan zuwa, har wasu da suka koya masa baƙaƙe sun zama hedimastoci. Yana karanta jarida sarai. Amma kowane sabon ɗalibi darasin farko yake so ya gwada, kuma yana bukatar wanda bai sani ba.

A hanya ya karanta mini dokokin sana'ar. Ya ce, "Ka saurara, ɗan Kaduna. Da farko ba ka san komai ba. In an ba ka littafi, ka riƙe shi a juye, amma kada ka yi haka kullum, suna ganewa. A tsakiya ka fara fama, ka ɗaure fuska, ka sosa ƙeya. Idan ka ga mai ba da maki ya dubi agogo, to lokacin iyawa ya yi, sai ka karanta, ka yi murmushi kamar an yi maka bushara. In ka iya da wuri ka cuci yaron, za a ce ba abin da ya koyar. In ka ƙi iyawa ka kashe shi."

Na ce, "Alhaji, wannan ba yaudara ba ce?"

Ya ce, "Taimako ne. Kai kana ganin akwai jahilin gaske da zai iya zama jahili a kan lokaci?"

Haka na shiga aikin. An koya mini baƙin farko har na rasa sau nawa. Kowane ɗalibi da salonsa, wani da waƙa, wani da katin hoto, wani da zane a cikin yashi. An hana su juya mana baya, an hana su tsawa, kuma duk wanda ya ba da amsa sai a ce a tafa masa. Sai ka ga tsofaffi masu jikoki suna tafa wa juna saboda an bambance gaɓar "ba" da ta "bi". Ni dai ban ƙware kamar Moro ba. Shi har hawaye yana iya kawowa a ƙarshen darasi, ɗalibai suna rububinsa. Amma gaskiya na ƙaru, don abin da aka maimaita maka haka, ko kana wasa sai ya zauna.

Aji ɗaya ne ban taɓa shiga ba. Malama ta same ni a gindin mangwaro tun farko ta ce, "Baba, don Allah kada ka shigo nawa. In na gan ka a benci ba zan iya buɗe baki ba." Ni ma haka na fi so. A sashensu ba wanda ya san 'yata ce, in ban da Moro. Mukan gaisa daga nesa, ta aiko mini da shayi.

Babbar jarrabawarsu ita ce koyarwa a gaban wata Farfesa, shugabar sashen, tsohuwa mai farin gashi da tabarau a rataye a wuya. Ta yi aiki a arewacin ƙasar, tana jin Hausa gwargwado. Ɗalibai sun ce ba ta dariya, kuma wanda ta kayar sai ya maimaita kwas ɗin da kuɗinsa. Mu kuwa ba mu da na maimaitawa. Malama ta rame a makon nan, ta yanka katuna, ta rubuta sunayen dattawan ajinta ɗaya-ɗaya, don darasinta a kan karanta suna ne.

Ranar jarrabawar aka yi rasuwa a wani ƙauye, yawancin dattawan suka tafi jana'iza. Benci ya zama wayam. Magatakardan sashen ya fito a ruɗe yana neman cikon aji, ya hango ni a gindin mangwaro, ya kamo hannuna. Na yi ta ce masa ba wannan ajin ba, bai ji Hausa ba. Kafin in ankara ina zaune kusa da Moro, Farfesa tana bayanmu da littafinta. Malama ta juyo ta gan ni, allin hannunta ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauka, ta yi sallama, ta fara.

Kuma ta koyar da kyau. Ban taɓa ganin ta tana aiki ba sai ranar. Muryarta ba ta rawa, tana bin kowa da sunansa, ni kuwa ta ce mini "Malam na ƙarshe". Moro ya riƙe katinsa a juye, ta gyara masa cikin ladabi. Komai yana tafiya daidai, har Farfesa ta dubi agogo. Sai ta miƙe, ta taka zuwa gaban allo, ta karɓi allin.

Ta ce, "Kowa ya san sunansa. Wannan ba karatu ba ne, ganewa ce. Ina son suna sabo." Ta duba takardar da ke hannunta, inda aka rubuta sunan mai jarrabawa, ta kwafe shi a allo da manyan baƙaƙe. Ta sa tabarau ta dube mu. Ta tsallake Moro, don ta san shi shekara da shekaru. Ta nuna ni. "Kai, baƙo. Karanta."

Na dubi allo. Gaɓa uku ce, kowace mai sauƙi, ko daga cikin mota mai gudu zan karanta ta. Na dubi Malama, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafarta.

Moro ya ɗauka aiki nake yi. Ya gyaɗa kai, alamar na iya sosa ƙeya. Da shirun ya yi tsawo ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce ƙasa-ƙasa, "Ya isa. Ta dubi agogo tun ɗazu. Iya."

Na ce, "Ba zan iya ba."

Ya ce, "Kai, kada ka wuce gona da iri. Ni ma ban taɓa kai wa nan ba."

Su a Zango wannan kunya ta daɗe da mutuwa. Moro yakan tsaya a ƙofar gida ya ƙwala wa ɗansa na fari kira da sunansa har da na kakansa. Ba yadda zai gane.

Na miƙe na ce, "Ranki ya daɗe, na san shi. Sunan matar Annabi Ibrahim ne, uwar Annabi Isma'ila."

Farfesa ta ce, "Ban tambaye ka tarihi ba."

Na ce, "Akwai mai irinsa a layinmu, tana sayar da ƙosai."

Ta ce, "Karanta."

Na ce, "Baƙin farko ha ne. Na tsakiya ja."

Ta ce, "To, haɗa."

Na ƙi haɗawa. Ta cire tabarau, ta juya wurin Malama ta yi mata magana da Turanci. Ban ji kalmomin ba, amma na ji nauyinsu, na kuma ga ta buɗe littafinta ta zare murfin biro. Malama tana iya cewa mahaifina ne, ga dalili. Ba ta ce ba. Ta tsaya da katunanta a hannu, ta zaɓi ta faɗi jarrabawa da ta sa ni faɗin sunan a gaban mutane.

Na tuna Inna, na nemi gafararta a zuci. Na dubi allo, ba Malama ba, na ce, "Hajara."

"Na'am, Baba."

Ba da niyya ta amsa ba, bakinta ne ya riga ta. Tana faɗa ta rufe fuska da katunan. Sai Moro ya ce, "A tafa masa," tsofaffin nan suka hau tafi.

Farfesa ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce, "Baba? Mahaifinki ne?" Na ga abin zai koma wani laifin, a ce mun haɗa baki. Malama ta sauke katunan ta yi mata bayani da Turanci, a hankali, tana nuna ni, tana nuna allo. Farfesa ta saurara, ta juyo gare ni.

Ta ce, "Ba ka taɓa faɗin sunanta ba?"

Na ce, "Tun da aka haife ta."

Ta ce, "To in gobara ta tashi, yaya za ka kira ta?"

Na ce, "Sai in ce ke."

Ta ce, "In akwai mata da yawa a gidan fa?"

Na ce, "Duk sai su fito, ranki ya daɗe. Ai gobara ce."

Ba ta yi dariya ba, amma ta juya ta fuskanci allo, na ga kafaɗunta suna motsi. Ta goge sunan, ta rubuta wata doguwar jimla wadda ba ta cikin darasi, a kan manomi da ya kai doya kasuwa. Ta ce in karanta, kuma Moro ya matsa can. Na bi ta gaɓa-gaɓa. Wannan karon faman na gaske ne, ƙeyar ma da gaske na sosa, amma na kai ƙarshe. Ta rubuta wani abu a littafinta, ta rufe, ta fita.

Da sakamako ya fito Malama ta ci. Ta zo gindin mangwaro ta durƙusa ta faɗa mini, na ce madalla, Allah ya sa albarka. Ba ta ta da maganar ranar ba, ni ma ban tayar ba, har muka hau mota. Moro ya raka mu tasha ba hula, yana cewa an rasa jahili mai hazaƙa, da na ƙara shekara guda da na gaje shi.

Yanzu Malama ce ke riƙe da ajin manya a Malali, ni kuma na koma wani ajin a Kawo don kada a sake. Inna ba ta san abin da ya faru ba. Na rubuta sunan a nan ne don na san ba ta karatu, sai dai kwanan nan ta fara cewa tun da jikarta ce malama, ita ma a saya mata fensir.

Abin da na rasa a tafiyar ga shi. Jaka ɗaya da kilishinta da kayan sawata na fita. Kawunan hula biyu a Togo, sauran a kan tukwanen Hajiya Memuna. Hular Alhaji Moro, wadda ba tawa ba ce amma a hannuna ta mutu. Ma'aikata da dama da suka gaji da jira suka koma wurin wani mai wanki a Unguwar Dosa, ba su dawo ba. Sai kunyar da na riƙe tun ranar sunan yarinyar nan, wadda ta tafi a gaban allo, a ƙasar mutane, tsofaffi suna tafa mini.